Bin Sawun Gidan da Ya Yi Ƙaura

Akwai wani hoto da duk wanda ya taɓa buɗe littafin tarihin Yaƙin Duniya na Biyu zai iya tunawa. Mutum uku ne zaune a kan kujerun saƙa a cikin lambu: Churchill na Birtaniya, Truman na Amurka a tsakiya, sai Stalin na Tarayyar Sobiyat cikin farar rigar soja. Watan Yuli ne na shekarar 1945, a garin Potsdam da ke gefen Berlin. Jamus ta faɗi, su kuma sun hallara don su yanke yadda za a yi da ita. Na daɗe ina ganin hoton nan, idona bai taɓa wuce fuskokin mutanen ba, sai ranar da na ci karo da wani hoton daban, wanda aka ɗauka daga tsakar gidan da aka yi taron.

A tsakiyar filin akwai ƙaton tauraro ja da aka shuka da furanni, aikin sojojin Sobiyat. Ginin da ya kewaye tauraron shi ya tsayar da ni. Ƙasansa dutse da bulo. Samansa kuwa baƙaƙen katakai ne a jere, wasu a tsaye, wasu a gicciye, tsakaninsu farin yaɓe. Rufin ya yi tsini nan da can, tagogin an yanka su gida-gida ƙanana, ga dogayen bututan hayaƙi na jan bulo sun miƙe sama, kowanne da irin adonsa. A garin Potsdam ɗin nan ne fadar Sanssouci take, ta Sarki Frederick Babba, mai ruwan zinariya da sassaƙe-sassaƙe, irin ginin da aka san sarakunan Prussia da shi. Wannan kuwa ya yi kama da gidan wani mai gonaki a ƙauyen Ingila shekara ɗari huɗu da suka wuce.

Sunan gidan Cecilienhof. Da na duba shekarun gininsa sai abin ya ƙara ɗaure mini kai: an fara a 1913, an gama a 1917. Wato a daidai lokacin da samarin Jamus da na Ingila ke kashe juna a ramukan yaƙi a Faransa, kafintoci na can Potsdam suna ɗora wa jinin sarautar Jamus gida irin na Ingila. Ruwa ba ya tsami banza. Na ce sai na bi sawun gidan nan na ga inda ya fito.

Shakka ta farko

Kafin in yi nisa sai da na tambayi kaina ko dai idona ne ya yaudare ni. Ai Jamusawa ma suna da nasu ginin katako da yaɓe, tsoho ƙwarai. Garin Quedlinburg cike yake da irinsa, layi bayan layi. Me zai hana a ce Cecilienhof gadon gida ya ɗauko?

Bututan hayaƙin ne suka raba gardama. Guda 55 ne a kan rufin, an murɗa wasu kamar igiya, an yi wa wasu ƙirar lu'u-lu'u da jerin bulo. Wannan ado ne na Ingila a zamanin gidan sarautar Tudor, waɗanda suka yi mulki daga 1485 zuwa 1603. A farkon wancan zamani yawancin mutane a tsakiyar ɗaki suke hura wuta, hayaƙi ya nemi hanyarsa ta rufi. Wanda ya samu halin gina murhu mai bututu yakan ɗaga shi sama ya ƙawata shi, don mai wucewa ya san gidan na mai hali ne. Ƙirga bututai daga nesa kamar ƙirga dawakin da ke turke ne a ƙofar gida. Wanda ya zana Cecilienhof, Paul Schultze-Naumburg, da saninsa ya ɗauko wannan alama.

Akwai kuma wata dabara da ya yi. Ɗakunan gidan 176 ne, amma wanda ya tsaya a ƙofa ba zai taɓa zaton sun kai haka ba. An rarraba ginin ne ya kewaye tsakar gida biyar, ta yadda ko'ina mutum ya tsaya ɓangare kaɗan yake gani. Fada ce da aka yi wa suturar gidan gona. Wannan ma ɗabi'ar manyan Ingila ce: dukiya ta cika ciki, waje kuwa ya nuna sauƙin kai.

Masu gidan

An gina shi ne domin Yarima Wilhelm mai jiran gado, babban ɗan Sarki Wilhelm na Biyu, da matarsa Cecilie, wadda gidan ya ci sunanta. Da na kalli asalinsu sai rabin mamakin ya kau. Sarki Wilhelm jikan Sarauniya Biktoriya ta Ingila ne, ta wajen uwa. Yariman kuwa tattaɓa-kunnenta ne. Gidajen sarautar biyu dangi ne na jini, suna ziyartar juna, suna halartar bukukuwan juna. A 1911 Yarima da matarsa suna Landan wajen naɗin Sarki George na Biyar.

Ba su kaɗai ke sha'awar gidajen Ingila ba a lokacin. Wani masanin gine-gine Bajamushe, Hermann Muthesius, ya zauna a ofishin jakadancin ƙasarsa a Landan daga 1896 zuwa 1903 yana nazarin yadda Ingilishi ke tsara muhallinsu. Ya dawo ya wallafa littafi juzu'i uku a kan gidan Ingila, masu kuɗin Jamus suka karanta suka fara kwaikwayo. Don haka an tsara Cecilienhof ne a kwanakin zumunci, yaƙi ya zo ya tarar da aiki ya riga ya kankama. An so a gama a 1915, yaƙin ya ja shi zuwa 1917. Shekara guda bayan Cecilie ta tare, sarautar ta rushe. Shi ne fada ta ƙarshe da gidan sarautarsu, Hohenzollern, ya gina.

Wannan ya amsa dalilin salon. Bai amsa wane gida aka kalla aka zana shi ba. A nan masu ba da tarihin gidan sukan ambaci suna guda: Bidston Court, wani gida da ke kan tudun Bidston, a Birkenhead, tsallaken kogin Mersey daga Liverpool. Labarin da ake bayarwa shi ne Yarima ya ga gidan nan ya shiga ransa, ya so a yi masa mai kama da shi.

Tudun da babu gida

Sai na juya zuwa Birkenhead. Taswira ta nuna tudun Bidston, da tsohon injin niƙa mai aiki da iska a kansa, da hasumiyar duban taurari. Sunan Bidston Court ma yana nan, amma sunan lambu ne. Gidan babu shi.

Abin da ya fara zo mini shi ne wuta, domin ita ce ajalin yawancin gidajen katako. Bayan ita sai bama-bamai, tunda jiragen Jamus sun yi wa Liverpool da Birkenhead ruwan wuta a 1940 da 1941 saboda tashar jiragen ruwa. Zato na uku shi ne rushewa da gangan, domin bayan yaƙe-yaƙen biyu ɗaruruwan manyan gidajen karkara a Ingila sun gagari masu su riƙewa, aka sayar da kayan ciki aka baje sauran. Ko ɗaya daga cikin ukun nan bai faru da Bidston Court ba. Tun kafin bam na farko ya faɗo a yankin, gidan ya kai shekara goma da barin tudun.

Amsar tana tafiyar 'yan kilomita zuwa yamma, kusa da wani ƙauye mai suna Frankby, a wannan zirin ƙasa da ake kira Wirral. A can, a tsakiyar wani dausayi mai itatuwa, akwai wani babban gida baƙi da fari da ake kira Hill Bark. Duk wanda ya ajiye hotonsa kusa da tsohon hoton Bidston Court zai ga goshin rufi iri ɗaya, tagogi iri ɗaya, bututai iri ɗaya. Hausawa na cewa kama da wane ba ta wane. To, a nan kam wanen ne da kansa. Wani attajiri mai jiragen ruwa, Ernest Royden, ya sayi gidan a 1921. Tsakanin 1929 da 1931 ya sa aka kwance shi kaf, aka kwashe, aka sake tayar da shi a Frankby, a wurin da ake hango kogin Dee da duwatsun Wales. An rushe wani tsohon gida da ke wurin don a ba shi fili, ya kuma gaji sunansa.

Yadda gida ke tashi

A nan na daɗe ina tunani. Ta yaya ake ɗauke gida mai girman wannan? Gidan siminti in an fasa shi ya zama ɓaraguzai, na ƙasa ya koma turɓaya. Sirrin yana cikin yadda ake ginin katako tun asali, kuma sai an matso kusa ake ganinsa.

Ginin irin wannan ƙashi ne da tsoka. Ƙashin shi ne katakan icen oak, su ke ɗauke da nauyin bene da rufi. Kafintan zamanin Tudor yana sassaƙa icen tun yana ɗanye, domin in ya bushe yakan yi tauri har ya dakushe kayan aiki. Inda katako biyu za su haɗu, sai ya feƙe bakin ɗaya ya zama harshe, ya fafe rami a jikin ɗayan daidai girman harshen. Sannan ya huda su biyun, ya buga turken ice ya ratsa su. Akwai wata hikima a nan da ta burge ni. Ba ya barin hudar harshen ta yi daidai da hudar ramin. Yakan ɗan gusar da ita kaɗan. In ya buga turken, sai turken ya lanƙwashe ya janyo katakan biyu su matse juna. Ice na bushewa, gaɓar na ƙara kamawa. Ba a bukatar ƙusa. Ƙarfe na da tsada a lokacin, kuma ruwan jikin oak yana cin ƙarfe.

Ba kuma a wurin ginin ake wannan aiki ba. A filin kafinta ake shimfiɗa kowane bango a ƙasa, a gwada gaɓoɓinsa, a tsaga wa kowane katako lamba da bakin kurfi, irin lambobin Rumawa masu sauƙin tsagawa. Daga nan a kwance, a ɗora a keken doki, a kai wurin, a tayar bisa lamba. Har yau ana ganin lambobin nan a jikin tsofaffin gidaje. Tsokar kuwa ita ce abin da ake cike tsakanin katakan da shi: a saƙa tsumagu kamar ana saƙa zana, a kwaɓa yumɓu da ciyawa da kashin shanu a yaɓe ciki da waje. Duk wanda ya taɓa ganin magini na yaɓe, ko yana jera azara a kan bango, ba zai ga baƙon abu a nan ba.

Ma'ana, gidan katako tun ranar haihuwarsa ya taɓa yin tafiya sau ɗaya, daga filin kafinta zuwa mazauninsa. Abin da aka haɗa da turke, in an fitar da turken zai rabu ba tare da ya karye ba. Abin da ma'aikatan Royden suka yi shi ne maimaita tsohuwar hanya: a sa wa kowane katako da kowane dutse alama, a sauke, a kwashe, a mayar. Da a ce katakan Bidston Court ado ne kawai da aka manna a fuskar bulo, kamar yadda aka yi wa dubban gidajen unguwannin bayan gari a Ingila a shekarun 1920 da 1930, da ƙaurar ba ta yi ma'ana ba.

Shekarun gidan

Wannan ya kai ni ga wani kuskure da na kusa yi. Tunda an gina shi da dabarar mutanen da, sai na ɗauka tsohon gida ne na zamanin Tudor da wani mai kuɗi ya ceto. Irin haka ta faru: a shekarun 1920 an kwance Agecroft Hall, tsohon gida na gaske daga Lancashire, aka tsallaka teku da shi zuwa Richmond a jihar Virginia ta Amurka. Amma da na ƙura wa hotunan Hill Bark ido sai wasu abubuwa suka ƙi zama.

Na farko, komai a miƙe yake. Ɗanyen ice in ya shekara ɗari huɗu yana bushewa ƙarƙashin nauyi, dole ya karkace, ya yi doro, ya sa tagogi su harari juna. Layukan Hill Bark kuwa kamar da zare aka ja su. Na biyu, fuskar katakan. Icen da aka sassaƙa da gizago yana da tabo-tabo, kowane sara da gurbinsa, amma wanda injin zarto ya yanka santsi gare shi, kaurinsa ɗaya daga farko har ƙarshe. Na uku, tsarin. Tsohon gida a hankali yake girma: kaka ya gina zaure, ɗa ya ƙara shiyya, jika ya ɗora bene, kowanne da salon zamaninsa, har a ga inda sabo ya ci karo da tsoho. Wannan kuwa a kai ɗaya aka haife shi, hannu ɗaya ya zana shi. Na huɗu ya rufe zancen: a tagoginsa akwai gilasai masu launi na William Morris, mutumin da aka haifa a 1834.

An gina Bidston Court a 1891. Lokacin da Yariman Jamus ke Ingila a 1911, shekarun gidan 20 kacal, bai ma kai yariman shekaru ba. Gidan Potsdam kwaikwayon kwaikwayo ne.

Wanda ya gina Bidston Court sunansa Robert William Hudson, kuma dukiyarsa ta sabulu ce. Mahaifinsa, Robert Spear Hudson, ya fara a 1837 a wani ƙaramin shago a West Bromwich, yana daka sabulu a turmi yana sayar da garinsa a ƙunshi. Sana'ar ta bunƙasa har ya kafa masana'anta a Liverpool, tashar da manja daga gaɓar Afirka ta Yamma ke sauka don ciyar da masana'antun sabulun yankin. A 1908 ɗan ya sayar da kamfanin ga Lever Brothers, waɗanda a 1920 suka sayi Kamfanin Neja, wanda daga baya ya shiga cikin UAC da iyayenmu suka sani a kasuwar gyaɗa da fatu. Ashe gidan da na ɗauka ba abin da ya haɗa mu da shi, igiyar cinikinsa ta biyo ta ƙofarmu.

Kamfanin masu zane na Grayson da Ould na Liverpool ne ya tsara gidan, kuma ana danganta aikin da Edward Ould. Shi Ould ya koyi sana'a a Chester a hannun John Douglas, a yankin da ya yi suna da ginin katako a Ingila. Ya bi ƙauyuka yana nazarin tsofaffin gidaje har ya rubuta bayanin wani littafi a kansu a 1904. Shi ne kuma ya zana Wightwick Manor kusa da Wolverhampton a 1887, domin Theodore Mander, mai masana'antar fenti. Mai sabulu, mai fenti, daga baya mai jiragen ruwa. Mutanen da inji ya azurta su ne suka fi kowa ƙishin gidan da ya yi kama da zamanin da babu inji. Sun yini cikin hayaƙi da ƙarar ƙarfe, suna so su kwana a inuwar kakanni, ko da kakannin aro ne. Amma ba su yarda su kwana cikin sanyi da duhun kakannin ba: Wightwick tun farkonsa yana da wutar lantarki da bututan ɗumama ɗaki.

Uwar gidajen

Saura tambaya ɗaya. In Potsdam ta kalli Bidston, Bidston wa ta kalla? Amsar tana kudu maso gabashin Cheshire, kusa da garin Congleton: Little Moreton Hall. Iyalin Moreton, masu gonaki, sun fara gina shi a farkon shekarun 1500, suka yi ta ƙari har wajen 1610. Gwalalo mai ruwa ya kewaye shi. A tsakar gidansa akwai tagogi biyu masu kusurwoyi da suka turo ƙirji waje, an sassaƙa shekarar 1559 a jikinsu tare da sunan kafintan da ya yi su, Richard Dale. Wanda ya san waɗannan tagogi, in ya ga Hill Bark zai gane inda Ould ya sha ruwa.

A nan ne mutum ke ganin abin da shekaru ke yi wa ice. A saman shiyyar kudu an ɗora wani dogon zaure mai tsawon kusan mita 21, aka rufe shi da fale-falen duwatsu masu nauyin gaske, alhali ginin da ke ƙasa ba a shirya shi don wannan kaya ba. Bangaye suka buɗe, katakai suka lanƙwashe, daɓen zauren ya yi tudu da kwari kamar ruwan da iska ta kaɗa. Gidan ya yi kamar zai durƙusa, ga shi kuwa ya haura shekara 400 a tsaye. Gaɓoɓin turke suna ba da kai kaɗan-kaɗan, ba sa ɓallewa.

Talauci ne ya adana shi. Iyalin Moreton sun goyi bayan sarki a yaƙin basasar Ingila na shekarun 1640, ɓangarensu ya sha kaye, dukiyarsu ta karye. Suka bar gidan a hannun manoma 'yan haya, babu mai kuɗin da zai rushe ya sabunta. A 1891, shekarar da Hudson ke zuba dukiya yana gina mai kama da shi, gidan na asali ya kusa faɗuwa. Sai a 1892 Elizabeth Moreton, wata mai hidimar coci, ta gaje shi ta shiga gyara. A ƙarshen ƙarnin an ɗaure dogon zauren da sandunan ƙarfe don kada bangayen su ƙara buɗewa. A 1938 aka miƙa gidan ga National Trust, ƙungiyar da ke kula da wuraren tarihi.

Na ɗauka na kai ƙarshen igiya. Sai na tarar da ƙulli ɗaya ya rage, kuma shi ya fi ba ni mamaki.

Baƙi da fari

Abin da ya fara jan idona a hoton Potsdam shi ne baƙin katako a kan farin yaɓe. Shi ne tambarin da kowa ke gane gidan Tudor da shi. To, Richard Dale bai san Little Moreton da wannan launi ba. A zamaninsa ana barin icen oak tsirara, rana da ruwan sama su mayar da shi ruwan toka mai sheƙi kamar azurfa, yaɓen kuma a shafe shi da jar ƙasa mai ɗan rawaya. Gidan launin ƙasa ne da itace, yana saje da gonakin da ke kewaye da shi. Mutanen zamanin Biktoriya ne suka yayata shafa wa katakai baƙi da kwalta ko fenti, su farara tsakaninsu, har ya zama ido ba ya karɓar tsohon gida sai da wannan kwalliya.

Ashe igiyar ba a miƙe take ba, zagaye ta yi. Zamanin da ya kwaikwayi tsohon gida shi ne kuma ya sauya wa tsohon gidan riga. Ould ya kalli Little Moreton cikin rigar da ƙarninsa ya ɗinka masa, ya ɗauka, Jamusawa suka ɗauka daga wurinsa, mu kuma muka gani muka ce ga zamanin Tudor.

Wannan bai rage mini darajar gidajen nan ba ko kaɗan. Launi na shafe ne, kowane zamani da abin da ke yi wa idonsa daɗi. Abin da ya ratso ƙarni huɗu bai canza ba yana ƙarƙashin fentin: harshe, rami da turke. Ould ya yi wa masu kuɗi gidan mafarki, amma ya girmama sana'ar da ya aro, ya sa kafintocin zamanin inji suka koma ga abin da kakanninsu suka iya. Amanar nan ce ta sa bayan shekara 40 aka iya ɗaga gidan daga tudu guda a sauke shi a wani. Bayan rasuwar Royden a 1960 ƙaramar hukuma ta karɓe shi ya zama gidan kula da tsofaffi, dausayin ya zama wurin shaƙatawar jama'a mai suna Royden Park, yau kuma gidan otal ne.

Na koma ga hoton farko. An zaɓi Cecilienhof ne don Berlin ta zama kufai, tsakiyar Potsdam ma jiragen Birtaniya sun ragargaza ta a watan Afrilun 1945, shi kuwa yana gefen tafki bai ji ko ƙwarzane ba. Daga 17 ga Yuli zuwa 2 ga Agusta aka zauna a babban zaurensa, a kewayen wani teburi da aka ƙero a Mosko. Churchill ya koma gida jin sakamakon zaɓe, ya faɗi, Attlee da ya gaje shi ya zo ya hau kujerarsa. A ƙarƙashin rufin nan aka tsara yadda za a riƙe Jamus da inda iyakar Poland za ta tsaya. Yanzu in na ɗauko hoton, nakan wuce fuskokin ukun in kai idona ga ginin da ke bayansu. Ina ganin sawun yarima mai sha'awar gidan danginsa, da na ɗan mai dakan sabulu, da na Ould yana zagaya ƙauyukan Cheshire. Can ƙarshen layin kuma ga Richard Dale a shekarar 1559, tsugune a kan ɗanyen ice, yana gusar da hudarsa kaɗan don turken ya kama.